Ranar da siminti ya ƙare mana a tsakiyar dekin

Dekin na farko da aka damƙa mini lissafin kayansa ba wani babba ba ne: tsawo mita 6, faɗi mita 4, kauri santimita 15. Maigidana ya ce in zauna in fitar masa da yawan simintin da za a saya. Na ninka 6 da 4 da 0.15, na samu kiyubik mita 3.6. Kwaɓin da za mu yi 1:2:4 ne, wato siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, kashi bakwai ke nan. Na raba 3.6 gida bakwai, rabon siminti ya tashi kimanin 0.51. Buhu mai kilo 50 kuwa kiyubik 0.035 ne, sai lissafi ya tsaya a buhu 15. Na duba shi sau biyu, ban ga kuskure ba, na miƙa takarda. Shi kuma ya yarda da ni, bai ko kalla ba.

Ranar zuba kankare kafinta ya gama katakonsa, an ɗaure rodi, leburori na hawa suna sauka da kwanuka a ka, aiki na tafiya gwanin sha'awa. Ba mu kai kashi biyu cikin uku ba sai na ga mai kwaɓi yana kakkaɓe buhu, ya ɗaga kai ya ce shi ke nan na ƙarshe. Gabana ya faɗi. Kankare ba ya jiran kowa. Kafin a je a sayo ƙari, bakin inda muka tsaya ya riga ya fara kamawa, dole aka farfasa shi da guduma don ya yi kaushi, aka wanke, aka shafa ruwan siminti, sannan aka ci gaba. Mahaɗar da ba a shirya ta ba rauni ce a jikin gini, ruwa ma ta nan yake fara neman hanya.

Da yamma maigida bai yi mini faɗa ba, kuma wannan ya fi faɗan ciwo. Bokiti ya ɗauko ya cika da tsakuwa har baki.

"Ya cika?"

"Ya cika, maigida."

Ya ɗebi yashi ya zuba a kai yana girgizawa. Ina kallo yashin yana sulalewa tsakanin duwatsun yana ɓacewa, bokitin bai ƙara ko yatsa ɗaya ba. Ya zuba garin siminti, shi ma ya bi bayan yashin. A nan na ga inda buhunana suka tafi. Yashi yana cike gurbin da ke tsakanin tsakuwa, siminti yana cike na tsakanin yashi, ruwa kuma ya danne su duka. Saboda haka busassun kayan da aka tara sai sun fi kankaren da ake nema yawa, shi ya sa masu lissafin gini ke ninka adadin da 1.54 kafin su raba. Na sake bugawa a gabansa: 3.6 sau 1.54 ya ba da 5.54, rabon siminti 0.79, buhu 23. Takwas cif na ci wa aikin.

Tun daga nan na daina yarda da lissafin da ban taɓa da hannuna ba. Bulo mai tsawon milimita 450 da tsayin 225, guda 10 ke rufe murabba'in mita ɗaya na bango. Wannan kowa ya sani. Abin da ake mantawa shi ne cire gurbin ƙofofi da tagogi, da kuma ƙara kashi 5 cikin ɗari saboda wanda zai fashe a wurin saukewa da wanda birkila zai sare a kusurwa. Yashi mai danshi yana kumbura, kwano ɗaya na jiƙaƙƙe bai kai kwano ɗaya na busasshe ba, sai kwaɓi ya fito da ƙarancin yashi ba tare da kowa ya lura ba.

Rodi ma ya so ya kayar da ni, Allah ya sa na farga da wuri. Nauyinsa ba wuya: a ninka kaurinsa da kansa a raba da 162, na milimita 12 zai ba da kusan kilo 0.89 a kowace mita. Inda ake faɗuwa shi ne mahaɗa. Sanda biyu ba sa haɗuwa baki da baki, sai ɗaya ya hau ɗaya kamar ninki 40 zuwa 50 na kaurinsa, wato wajen rabin mita ko fiye a rodi mai 12. Ga lanƙwasar bakinsa. Wanda ya auna tsawon bim kawai, wato ginshiƙin kankaren da ke kwance yana ɗauke da dekin, ya tafi saye, zai koma.

Amma lissafin da na fi ƙauna shi ne na kafa kusurwa, don ba ya buƙatar komai sai tef da igiya da turaku. Mita 3 a wannan gefe, mita 4 a wancan, in tsakaninsu ya ba da 5 daidai, kusurwa ta miƙe. Sannan in auna ɗakin daga kusurwa zuwa kishiyarta ta ɓangarorin biyu, in ga sun zo ɗaya. Santimita biyu da aka raina a fandisho, mai tayil ne zai same su a ƙarshe, yana yanka kowane layi a karkace yana tambayar wa ya kafa ginin nan.

Kwanakin baya aiki ya sake kai ni wancan gidan. An yi filasta an yi fenti, amma da na tsaya a tsakiyar ɗakin na ɗaga kai, na gane layin, siriri, ya ratsa silin daga bango zuwa bango, daidai inda buhu na 15 ya ƙare.