Godiya Daga Bloomington: Mai Jego Ta Yi Arba'in

Assalamu alaikum warahmatullah.

Alhamdu lillahi. Yau Talata, 11 ga Nuwamba 2025, mai jego ta yi arba'in, ita da jaririya suna cikin ƙoshin lafiya. Tun ranar suna nake ta son rubuta wannan saƙo, hidimar jego da ta karatu ba su bar ni ba. Da yawa daga waɗanda zan ambata ba sa jin Hausa, kuma na riga na bi su ɗaya bayan ɗaya na yi musu godiya baki da baki. Amma ina so mutanen gida, na Zariya da na Kano da duk inda wannan rubutu ya kai, su san waɗanda suka tsaya mana lokacin da babu uwa babu uba a kusa, su taya mu yi musu addu'a. Ba zan kama sunan kowa ba, don ban nemi izininsu ba. Kowa ya san kansa.

Shekarata ta uku ke nan ina karatun digiri na uku a Jami'ar Indiyana da ke garin Bloomington a Amurka, tafiyar kamar awa ɗaya a mota kudu da Indianapolis. Haihuwar fari ce, da a gida ne da tuni maiɗakina ta tafi goyon ciki gidansu. Mun yi ta shirin Hajiya, surukata, za ta zo ta riƙe jego, amma biza ba ta samu ba. Ranar da labarin ya tabbata, maiɗakina ba ta ce komai ba, sai ta tambaye ni wa zai yi mata wanka. Ban sami amsar da zan ba ta ba.

Kakar nan ba irin tamu ba ce ta sabon gero da ɗanyar gyaɗa. Ganyen itatuwa ne yake komawa ja da rawaya, ya yi ta zuba a kan hanya, sanyi yana ƙaruwa kullum. Kuma daga Satumba zuwa Nuwamba da wuya mako ya wuce ba a ga wata al'umma a cikin jami'a tana da ranarta ba. Bana Maulidi ya zo a farkon Satumba. Yahudawa suka shiga sabuwar shekararsu da yammacin 22 ga wata, Indiyawa mabiya addinin Hindu suka fara dararensu tara na Navratri, 'yan Sin da 'yan Koriya suna jiran cikar wata na tsakiyar kaka. Shekara biyu ina ganin takardun sanarwarsu a jikin allo ina wucewa, daga aji sai masallaci sai gida. Bana ne Allah Ya sa na san masu waɗannan ranaku.

Daren Laraba, 1 ga Oktoba, bayan sallar Isha'i, naƙuda ta taso mata, saura mako uku a lissafin likita, kuma ga jini. Ba ni da mota. Na fita a ruɗe na buga ƙofar da ke kallon tamu. Maƙwabcin nan nawa Bayahude ne, ɗalibin lissafi, mai riƙo da addininsa ƙwarai, ko ranar Asabar ba ya tuƙi, ba ya taɓa waya. Ya buɗe ƙofa da fararen kaya a jikinsa, dawowarsa ke nan daga wurin ibadarsu. Ashe tun faɗuwar rana sun shiga Yom Kippur, ranar da ta fi kowace rana girma a wurinsu, azumin kusan awa 25 ba ci ba sha, ba aiki. Ina cikin laluben waya in kira motar asibiti, shi kuwa har ya ɗauko makulli ya yi gaba. Shi ya kai mu. Bai tafi ba, ya zauna a kujerar jira har gari ya waye, ko ruwa bai kurɓa ba.

Daga baya na ba shi haƙuri a kan ibadar da na katse masa. Ya ce kada in ƙara faɗar haka, a shari'arsu ceton rai yana gaba da Asabar, yana gaba da azumi. Nan take na tuna ayar nan ta 32 a Suratul Ma'ida, wadda ta ce wanda ya raya rai ɗaya kamar ya raya mutane gaba ɗaya ne, kuma Allah da kanSa Ya ce a kan Bani Isra'ila Ya wajabta wannan hukunci. Na sha karanta ta, ban taɓa jin nauyinta kamar ranar ba. Na san yadda zukatan jama'a suke a kan abin da ake yi wa mutanen Gaza, nawa ma haka yake, kuma ba zai sauya ba. Amma wannan bawan Allah maƙwabcina ne, ya sauke haƙƙin maƙwabtaka fiye da yadda na taɓa sauke nasa, kuma butulci ne in ɓoye. Allah Ya saka masa da mafificin alheri, Ya shiryar da mu baki ɗaya.

Aiki aka yi mata. Gab da asubar Alhamis aka miƙo mini 'ya mace, na yi mata huɗuba hannuna yana rawa. Ina godiya ga likitoci da ma'aikatan jinya, musamman wadda ta lura maiɗakina tana jan mayafi duk lokacin da aka buɗe ƙofa, ta je ta liƙa takarda cewa maza su ƙwanƙwasa kafin su shigo. Babu wanda ya roƙe ta.

Sai Mama. Idan na fara maganar Mama ban san inda zan tsaya ba. 'Yar Filato ce, Kirista, ta daɗe a garin nan tana aikin jinya. Bara muka haɗu a kanti, ta ji muna Hausa ta juyo ta ce, "Sannunku, 'ya'yana, daga ina?" Ranar da aka sallamo mu ta zo da jakarta, ta ce, "Ni ce uwarta har Allah Ya kawo Hajiya." Ta ɗauki hutu a wurin aiki, ta kwana bakwai a kan kujerar falonmu. Ita ta yi wa jaririya wankan farko a gida, ita ta gasa mata cibi, ita take tashi cikin dare. In lokacin salla ya yi ina riƙe da yarinya, sai ta ce, "Baban Lami, kawo ta, je ka yi sallarka." Lahadi biyu ba ta je coci ba saboda mu.

Babban aikin da ta yi mana shi ne tsakanin Hajiya da likita. Hajiya tana kira ta WhatsApp safe da yamma, tana so a yi wanka da tafasasshen ruwa da ganye, a dama kunun kanwa, kamar yadda aka yi mata ita ma. Likita kuwa ya ce akwai ɗinki, ga jininta ya hau, a nisanci gishiri. Ni suruki ne, ba ni da bakin da zan musa wa Hajiya. Mama ce ta karɓi wayar ta ce, "Hajiya, ki bar mini ita. Ni ma na yi jego a gida, na san amfaninsa, amma wannan yanka ne a jikinta." Ta tuna mata cewa likitocin Zariya ma sun daɗe suna jan kunne a kan kanwa da yawan zafi saboda ciwon zuciyar masu jego. Aka tsaya a kan ruwan ɗumi da kunun gyaɗa da farfesu. Yanzu Hajiya ba ta ajiye waya sai ta ce a gaishe mata da ƙanwarta. Mama, Allah Ya biya ki, Ya raya miki zuriya, Ya ba ki masu yi miki fiye da yadda kika yi mana.

Akwai wata 'yar Sin da suke ajin koyon Turanci tare da maiɗakina. Ta zo da romon kaza mai citta, kuma sai da ta nemo kazar halal kafin ta dafa. Ta ce su ma mai jego wata guda take yi a ɗaka, ba ta fita, ba ta taɓa ruwan sanyi, uwa ko suruka ce take kula da ita. Ranar bikinsu na wata, 6 ga Oktoba, ta kawo mana irin cincin ɗin da suke rabawa, bayan ta karanta kwalin ta tabbatar babu man alade a ciki. Mun gode.

An raɗa suna ranar Alhamis, 9 ga Oktoba, bayan sallar Asuba a masallacin gari. Ina godiya ga liman da dattawan masallaci, da 'yan uwa da suka tsaya duk da aiki da aji suna jiransu. An raba dabino da alawa, da goron da wani ɗan uwa ya je har Indianapolis ya samo. Sunan mahaifiyata aka mayar, don haka Ummi muke ce mata, Mama kuwa ta riƙe Lami tunda ranar Alhamis ta zo. Daga masallaci wani ɗan Sudan da wani ɗan Maraɗi suka kai ni wata gona a bayan gari. Manomin, wani dattijon Bature, ya nuna mana raguna na zaɓa, ya tambaye mu ta wace fuska za mu kwantar da shi. A nan alƙibla arewa maso gabas take. Ya koma gefe ya cire hularsa har na yanka. Ɗan Maraɗin nan shi ya yi fiɗa, cikin sanyin da yatsa ba ya lanƙwasuwa, shi ya kuma yi wa Ummi aski da yamma. Yaya, na gode da ragon da ka yanka a Zariya a ranar, dangi da maƙwabta suka ci nasu rabon.

Walima sai muka kai ta Asabar, 11 ga wata, a ɗakin taro na gidajen ɗalibai masu iyali. Maiɗakina ta ce sunan 'yarta ba zai wuce ba waina ba, alhali ba mu da tanda. Ina ba abokin karatuna labari, wani Ba'indiye ɗan Tamil Nadu, na nuna masa hoto a waya, sai ya ce ai yana da ita a ɗakinsa. Ashe su ma suna da abincin da suke kira paniyaram, ƙullun shinkafa ne da ake bari ya kwana ya tashi, a soya a kasko mai ramuka. Ya kawo tasa, ya aro biyu wurin 'yan garinsu. Kabewa kuwa ba a magana. A watan Oktoba ko'ina ka duba ita ce, a ƙofar gidaje da bakin kantuna, ana sassaƙa mata fuska saboda bikin Halowin na ƙarshen wata. Mun sayo manya guda uku a kasuwar manoma, Mama ta haɗa miyar taushe da gyaɗa da alayyahu. Tukunya biyu aka yi, ɗaya da naman suna, ɗaya babu nama, saboda abokin nan nawa da mutanensa ba sa ci.

Shi ɗin ne kuma ya riƙe mini azuzuwan da nake koyarwa har mako biyu, ya duba takardun ɗalibai, a lokacin da nasa aikin ya yi masa yawa. Ranar Diwali, 20 ga Oktoba, da suka kunna fitilu, na kai masa waina mai zafi a cikin kula, ya ce in shigo in gaisa da mahaifiyarsa a waya. Na gode, ɗan uwa.

'Yan MSA, wato ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta jami'a, su suka ɗauki sauran nauyin. 'Yan mata suka yi ta suya tun hantsi, samari suka jera kujeru, suka share wuri, suka kwashe shara. Yawancinsu a nan aka haife su, iyayensu 'yan Pakistan ne da Masar da Somaliya da Falasɗinu, ba su taɓa jin kalmar waina ba, amma sun yi hidima kamar sunan ƙanwarsu ake yi. Na yi MSS, irin wannan ƙungiya tamu ta gida, na san wahalar tara matasa a tsakiyar jarabawa. Wani ɗan zangon Kumasi da ke karatu a nan ya miƙe ya zama sanƙira, ya yi shelar suna da Hausa, ya yi wa kakanni kirari, har maiɗakina ta yi hawaye. Maƙwabcina ma ya tako da ƙafa ya zo. Suna cikin kwanakin Sukkot, lokacin da suke kafa rumfa a waje su rufe ta da rassa, su riƙa cin abinci a ciki har kwana bakwai. Bai ci girki ba saboda ƙa'idarsu ta abinci, ya ci dabino, ya ɗauki Ummi ya yi mata addu'a da harshensu.

Ina godiya ga malamata mai duba aikina. Jami'a tana da ƙa'idar ɗaga wa ɗalibi jarabawa in ta faɗo a ranar ibadarsa, amma suna ba ya cikin ranakun da aka sani. Da na yi mata bayanin kwana bakwai da yanka da aski, ta ɗaga mini ba tare da ta nemi wata takarda ba, ta kuma zo walima da 'yar rigar sanyi da ta saƙa da hannunta.

Mutanen gida, ba mu manta da ku ba. Hajiya da Inna, addu'arku ce ta riƙe mu. Gwaggo da ta daka yajin jego, da ƙannena da suka haɗa kuka da daddawa da turaren wuta, da bawan Allahn da ya ɗauko kayan a jakarsa har Chicago ya sa a mota, duk sun iso lafiya. Waɗanda suka kira, da waɗanda suka turo barka ban samu na amsa ba, ku yafe mini, na gani kuma na gode.

Tun 2 ga Nuwamba aka mayar da agogo baya da awa ɗaya, yanzu wajen biyar da rabi Magariba take yi, itatuwa sun kusa zama tsirara. Ummi tana ta ƙiba, uwarta ta fara fita. Har yanzu akwai manyan tukwane biyu da kula uku da tanda ɗaya a ɗakin girkinmu, masu su su yi haƙuri, zan bi ku da su cikin makon nan. Ranar Alhamis, 27 ga wata, ana hutun bikin godiya na Amurkawa, gari zai yi shiru. Duk ɗalibin da ba shi da inda za shi, ƙofarmu a buɗe take daga bayan Azahar, za a yi tuwon shinkafa da miyar kuka, kuma Mama ta ce za ta zo da gwate.

Allah Ya saka wa kowa da alheri, Ya raya mana Ummi bisa tafarkin Musulunci, Ya sada ta da kakanninta suna raye. Amin.

Baban Ummi
Bloomington, Indiyana