Matan da ba su dawo eko na wata shida ba

Duk wanda ya riƙe rajistar bincike kan ciwon zuciyar masu jego a Tawa ya san inda aikin ke karyewa. Gano cutar ba wuya in akwai na'ura: mace ta haihu, ƙafa ta kumbura, ba ta iya kwanciya sai a jingine, eko, wato hoton zuciya da na'ura ke ɗauka, ya nuna jinin da zuciya ke turawa a bugu guda bai kai kashi 45 cikin ɗari na wanda ke cikinta ba, kuma babu wani dalili daban. Wahalar tana ga eko na biyu, na wata shida, wanda ke nuna ko ta warke.

A ce an rubuta mata 100. Lokaci ya yi, 60 suka dawo, 40 cikinsu zuciyarsu ta haura kashi 50. Mai gaggawa sai ya rubuta biyu cikin uku sun warke. Sauran 40 ɗin fa? Wadda ta ji garau ba ta ga dalilin biyan kuɗin mota daga Keita ko Buza ba, wadda ta rasu kuwa ba mai zuwa ya faɗa, amma a takarda sunansu ɗaya: ba a gan ta ba. Nan masu tace maƙala ke fara sa yatsa, su mayar da aikin shekara biyu. Laifi kuma ya faɗa kan ƙaramin da ya cika fom, alhali babban da ya hana kuɗin kiran waya shi ne sunansa ke sama.

Tun ranar farko ɓarnar ke faruwa. Mai jego tana gidan iyayenta wanka, can ake rubutawa a matsayin garinta, ana arba'in ta koma ɗakinta a wani ƙauye. Lambar da ta bayar ta miji ce, shi kuma ana gama girbi ya tafi bida Abijan ko Libiya. Don haka a karɓi lamba uku: ta uwarta, ta miji, da ta majo, wato babban ma'aikacin jinya na likitar da ta fi kusa da su, a kira kowace tun tana zaune. A rubuta garuruwan biyu da ranar kasuwarsu. A kira a sati 2, wata 1 da wata 3, kada a jira na shida. In ranar dawowa ta faɗo a Agusta, lokacin da korama ke yanke hanya, a ba ta tazarar makonni. Takardar amincewa ta ƙunshi izinin tambayar dangi, domin in rasuwa ce ana buƙatar rana da yadda ta zo. Uwar ake riƙewa da magana: "Inna, ko ta warke sumul, ku kawo ta."

Batun kanwa ma haka. Tun shekarun 1970 likitoci Davidson da Parry suka danganta cutar a Zariya da kunun kanwa da wankan ruwan zafi, a 1992 kuma Cénac ya nuna ƙarancin sinadarin seleniyom a jinin masu cutar a Yamai. Fom ɗin da ya tsaya ga "tana shan kanwa?" bai amsa komai ba, tunda kusan kowa na sha. Kofi nawa a rana, kwana nawa?

Sauran a taƙaice. Mutum ɗaya ya auna eko na farko da na biyu da hanyar Simpson ta lissafin jinin da zuciya ke turawa, a adana hoton. Wadda aka ɗora kan maganin sifironolakton a duba mata potasiyom na jini a sati 1 da sati 4, in ya wuce 5.5 a raba maganin biyu. A tambayi ciki a kowace zuwa, don enalafiril, maganin zuciya da ake ba su, na cutar da ɗan tayi. Ga mai ciwon ƙirji, gwajin jini na troponin (mai nuna raunin tsokar zuciya) guda a awar farko ba ya tabbatar da lafiyar jijiyoyin zuciya, sai an maimaita bayan awa 3 zuwa 6. Binciken THESUS-HF na 2012 ya samu toshewar jijiyar zuciya a ƙasa da kashi 10 na masu gazawar zuciya a ƙasashe 9 na Afirka, amma inda ba a ɗauki hoton jijiyoyin ba, a rubuta "ba a duba ba" a gurbin.