Ɗan faɗa-wuta a bangon zaure

Yau da hantsi a Unguwar Rimi na kai hannu zan kaɗe wani ɗan tabo a bangon zaure, sai tabon ya tashi sama. Ashe ɗan faɗa-wuta ne, bai fi faɗin farcen babban yatsa ba, ya shimfiɗa fukafukansa ya manne da siminti, zanen jikinsa ya saje da tsagar bangon. Wallahi sai da na ja da baya. 'Yata ta ce, “Baba, malam-buɗe-littafi ne?” Na ce a'a, wannan na dare ne.

Irinsu ne tsutsarsu ke tafiya tana lanƙwashewa tana miƙewa, kamar tela na awon yadi da ɗani. Ba ta da ƙafafu a tsakiyar jiki, sai gaba da baya, dole ta jawo bayanta kafin ta miƙa gaba. In ta ji motsi kuma ta sandare a jikin reshe, tsuntsu ya ɗauka tsinke ne ya wuce. Danginsu sun haura iri 20,000 a duniya. Ni dai abin da ya tsaya mini a rai, damina nawa muka yi da su a gidan nan ina share su da tsintsiya ban sani ba.