Takardar da na cike da a'a

Takarda ɗaya ce gaba da baya, aka raba mana a layi sati biyu da dawowarmu daga filin daga. Kana fama da rashin barci? Kana mafarkin abin da ya faru? Ƙara tana sa ka zabura? Kana gudun shiga jama'a? Na karɓi biro a hannun na gabana na bi su ɗaya bayan ɗaya ina a'a, a'a, a'a, ko minti biyu ban yi ba na miƙa. Alhali daren ranar a zaune na kwana, bayana a jikin bango, idona a kan ƙofa. Wallahi har yau in na tuna takardar nan sai na ji abu ya tokare min ƙirji, don shekara shida ta ci min, kuma saura ƙiris ta ci min aure.

Ba a ranar na koyi wannan ƙaryar ba, tun ina kurtu na koye ta. Duk wanda ya sa kaki ya san yadda horon farko yake, ba sai na tsaya zayyana usur ɗin asuba da aske kai da fareti a rana ba. Abin da nake so na faɗa shi ne ƙafata. A wata na biyu ƙaurina na hagu ya fara ciwo, wuri ɗaya tak da zan iya ɗora yatsa a kai, in na taka sai na ji kamar ana buga min ƙusa. Tafiyar dogon zango da jaka a baya da bindiga a hannu, ga tsallen kwaɗo in mutum ɗaya ya yi laifi a haɗa mu duka, ga bororo a diddige ya fashe safa ta manne da nama sai ka jiƙa ta da ruwa kafin ta fita. Da na gaya wa kofur ɗinmu sai ya dube ni ya ce, kurtu, asibiti kake so ko kaki? Wanda ya kwanta asibiti ya daɗe ana iya mayar da shi baya ya jira wani rukunin, ko a sallame shi gaba ɗaya, kowa ya san haka. Na ce kaki nake so oga. Na ɗaure ƙafar da tsumma na ci gaba, na gama, na yi faretin yaye da ita. Sai bayan shekaru da aka yi min hoto saboda wani dalili daban likita ya nuna min alamar tsohon tsagewar ƙashi a daidai wurin, irin wanda yawan gudu da kaya ke jawowa.

To kun ga darasin da na ɗauka kenan, na yi shiru kuma shirun ya biya ni. Kuma ni ba na cikin masu cewa wahalar horo zalunci ce duk, a'a. Ana hana ka barci ana yi maka tsawa ana sa ka kwance bindiga ka haɗa sau ba adadi ne don jikinka ya riƙa aiki kafin tunani ya iso. Ranar da aka yi mana kwanton ɓauna ban san lokacin da na diro daga mota na kwanta na fara mayar da wuta ba, jikina ne ya yi, kuma da ba don gwale-gwalen nan ba da ba ni ke rubutun nan ba. Abin da ke min ciwo shi ne an ɗauki watanni ana koya min yadda zan kunna wannan shirin ko-ta-kwana, amma ba wanda ya zaunar da ni ko na awa ɗaya ya ce ga yadda ake kashe shi in an koma gida. Takarda kawai aka ba ni, ni kuma na amsa mata irin amsar da na ba kofur.

Ba zan ba da labarin abin da ya faru a motar da ke gabanmu ba. Nakiya ta taka, abokina yana ciki, Allah ya jiƙansa. Abin da ya biyo ni gida warin tayar da ke ƙonewa ne. In na shaƙe shi ko daga nesa ne sai bakina ya bushe, hannuna ya ɗau rawa, na ji ni a can ba a nan ba. Ba tunawa ba ce fa, wannan ne mutane ba sa ganewa, tunawa kana sane da cewa abu ya wuce. Wannan kuwa yanzu yake faruwa, har zafin ƙasar nake ji a cikina.

Bayan na ajiye aiki abin ya ƙaru maimakon ya ragu, don a bariki aƙalla kowa irinka ne, ba mai tambayarka me ya sa kake zama inda za ka ga ƙofa. A gida kuwa sai na tashi sau uku sau huɗu cikin dare ina duba sakata. Na daina zuwa taro. Faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba, cokali ya faɗi na hau masifa. Na fara shan ƙwayar barci ta baliyam ba da izinin likita ba, ɗaya ta koma biyu, barcin ya zama kamar suma, na tashi da nauyin kai mafarkin kuma yana nan. Maman yara ta sha cewa, baban yara ka je a duba ka mana, wannan ba kai ba ne. Ni kuma amsata ɗaya ce, ba komai, gajiya ce. A raina ina cewa ai na riga na rubuta da hannuna cewa lafiyata ƙalau, da wane ido zan koma na ce ƙarya na yi, kuma sojan da ya ga likitan ƙwaƙwalwa ai shi kenan an ce ya taɓu.

Ranar da abin ya kai maƙura 'yata tana da shekara biyar. Ina kishingiɗe da rana barci ya ɗan ɗauke ni, ta lallaɓo ta baya ta rufe min ido da tafin hannunta, wasa take. Ban san me na yi ba. Na dawo hayyacina ne na gan ta a ƙasa, gwiwata a kusa da ƙirjinta, na murɗe mata hannu, ko kuka ta kasa yi sai ido da ta zaro tana kallona. Shatin yatsuna huɗu ya kwana uku a damtsenta. Uwarta ba ta yi min faɗa ba, ta haɗa kayan yara ta tafi, ta ce in na ga likita na kira ta. Yarinyar nan ta fi shekara in na shigo ɗaki sai ta koma bayan uwarta. Wannan duk a kan minti biyu da biro.

Wani tsohon sajenmu ne ya kai ni, mutumin da a da in ya yi tsawa sai gwiwarka ta yi sanyi. Ya ce min, yaro, ni ma shekara uku ina zuwa, tashi mu je. Da wani ne ya faɗa ba zan je ba.

Likitar ta saurare ni ta ce sunan abin PTSD, ciwon firgicin da ke biyo bayan mummunan tashin hankali, kuma in alamun sun wuce wata ɗaya suna hana mutum rayuwa to ya zama ciwon da ake magani. Ta zana min ƙwaƙwalwa a takarda, ta nuna wani ɗan wuri mai suna amigdala, ta ce shi ne mai gadi, shi ke busa usur jiki ya cika da sinadarin adirenalin zuciya ta hau bugu. Nawa mai gadin ya ƙi sauka daga aiki, ɓangaren da ya kamata ya ce masa an gama yaƙi kuma muryarsa ta yi rauni. Na ce mata, likita, to ni ragon soja ne kenan? Ta ce wannan tambayar ta fi shekara ɗari ana yin ta. Daga baya na je na karanta da kaina. A yaƙin duniya na ɗaya wani likitan sojan Ingila, Charles Myers, ya rubuta a kai a 1915, suna ce masa shel shok don sun zaci girgizar harsashin igwa ce ke taɓa ƙwaƙwalwa. A yaƙin nan sojan Birtaniya ya harbe mutanensa 306 bisa laifuka irin su gudu daga fagen fama da ragwanta, ana ganin da yawansu wannan ciwon ne, sai a 2006 aka yi musu afuwa. A 1943 a Sisili Janar Patton na Amurka ya mari sojoji biyu a tantin asibiti don ya ga ba rauni a jikinsu, har aka sa shi ya ba da haƙuri. Sunan PTSD kansa sai a 1980 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta shigar da shi littafinta, bayan tsofaffin sojojin Amurka da suka yi yaƙin Biyetnam sun matsa, kuma binciken da aka kammala a 1988 ya nuna kusan 30 cikin 100 na mazan da suka yi yaƙin sun taɓa fama da shi. Na karanta wannan na yi kuka, ni da nake ganin ni kaɗai ne a duniya.

Maganin ba daɗi, kada wani ya ruɗe ka. Zama ne sati-sati, wajen 12 muka yi. Ka rufe ido ka ba da labarin ranar daga farko har ƙarshe kamar yanzu take faruwa, a naɗi muryarka a waya, ka koma gida ka saurara kullum. Ana tambayarka tsoron ya kai nawa daga 0 zuwa 100. Zaman farko na ce 100 na fita waje na yi amai. A na huɗu na kusa dainawa don mafarkin ya ƙaru, kuma a nan ne da yawa ke gudu, don Allah in ka kai nan kar ka gudu. Wajen zama na takwas labarin ya fara zama labari, abin da ya faru a wata rana da ta wuce. An ba ni wani maganin ciwon damuwa mai suna satiralin, shi ma sai da ya yi makonni kafin na ji bambanci, baliyam kuwa a hankali aka janye min don yanke ta lokaci ɗaya haɗari ne, kuma likitar ta ce min baliyam ba ta maganin wannan ciwon, rufe shi kawai take.

In kana da ɗan'uwa da ya dawo, kar ka tashe shi daga barci da taɓawa, tsaya daga nesa ka kira sunansa. Kar ka tambaye shi mutum nawa ya kashe. In akwai makami a gidan kuma ya fara maganar ya gaji da rayuwa, a raba shi da makamin a kai shi asibiti a ranar, ba gobe ba. In kuma kai ne aka miƙa wa takardar nan a layi, ga na bayanka yana leƙen abin da kake rubutawa, ga tsoron kar a hana ka ƙarin girma, na san duk wannan, amma ka rubuta eh a inda yake eh. In ba za ka iya a layi ba ka koma kai kaɗai washegari.

Maman yara ta dawo bayan wata biyar. Har yanzu ina duba sakata, amma sau ɗaya, kuma warin taya yana sa ni na tsaya na ja numfashi na ƙirga abubuwa biyar da nake gani kafin na wuce. 'Yata yanzu ta girma, in za ta shigo inda nake kwance sai ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, Baba ni ce, sannan ta shigo. Ba wanda ya koya mata, ita ta koya wa kanta tun tana shekara biyar, kuma duk ranar da na ji ta faɗa sai takardar nan ta faɗo min.