Hular Baba a kan Snake Pass

Wallahi har yau in na tuna ranar nan sai kunya ta rufe ni ni kaɗai a ɗaki kamar wani na leƙena. Babbar sallar 2024 ce, ta faɗo ranar Lahadi, kuma aka yi dace ba ni da aiki. Mun idar da sallar idi a nan Sheffield ta ƙasar Ingila, aka ɗan gaggaisa a ƙofar masallaci da 'yan Pakistan da 'yan Yaman da Somaliyawa, minti goma kowa ya kama gabansa. Shikenan fa an gama sallah. Ba ƙaurin babbakar kai, ba yara masu yawon barka da sallah, ba mai ce maka zo ka riƙe min ƙafar ragon nan. Kuɗin layya tun sati biyu na tura Jos. Na dawo ɗaki na zauna a bakin gado da shaddata tana ta ƙyalli ba mai gani, na buɗe waya, duk wanda na duba nama yake soyawa. Na ce kai, ba zan zauna ina hawaye kamar amarya ba, na zari makullin mota.

Motar nan ita ce rigimar. Mazda MX-5 ce 'yar 2006, ja, kujera biyu kacal, rufinta na tamfol ne da hannu ɗaya kake tura shi baya. Fam dubu biyu da ɗari huɗu na saye ta wajen wani dattijo da gwiwa ta hana shi shiga, don in ka zauna a cikinta kamar a tabarma kake, ƙasa ƙasa. Kuɗin inshora kuwa kar ma a yi maganarsa, saura kaɗan ya kamo kuɗin motar. Abokan aikina 'yan Najeriya duk Toyota da Honda suke saye masu ɗaukar iyali da buhun shinkafa, suka yi ta min dariya wai na sayi takalmi. Ban kula su ba. Mutumin da ke yin awa goma sha biyu a tsaye a gidan kula da tsofaffi, ya yi wa wannan wanka, ya canza wa wancan kunzugu, ya ba wata abinci a baki tana zaginsa don ta manta waye shi, ai ya cancanci abu ɗaya a duniya da ba na dole ba.

Kuma da ƙyar na samu lasisin. Na gida shekara ɗaya kawai suke yarda ka yi tuƙi da shi, daga nan sai ka zauna jarabawarsu. Ni da na fara jan mota tun ina ɗan shekara sha biyar, sau biyu ana kayar da ni, kowane zama fam 62, wai ba na duba madubi yadda ya kamata. A bar wannan maganar.

Daga Sheffield in ka ɗau hanyar A57 ka yi yamma kamar za ka Manchester, gidaje na ƙarewa sai duwatsu da ciyawa da wannan katangar tasu ta duwatsu da suke jerawa ba siminti. Ka wuce madatsar ruwan Ladybower, daga nan wajen da suke kira Snake Pass ya fara har ka gangara Glossop. Da na zaci don hanyar na lanƙwasa kamar maciji aka sa mata sunan, ashe daga wani tsohon masauki ne da ke bakin hanyar mai tambarin maciji na gidan sarautar Devonshire. To ko ma dai menene sunan ya dace.

Ban san yadda zan gaya wa wanda bai taɓa ji ba. Ba gudu ba ne fa, iyakar gudun hanyar mil 50 ne kuma ni baƙo mai biza ba zan yi wasa da 'yan sandansu ba. Daɗin yana cikin kwana. Ka hango ta tana zuwa, ka ɗan taɓa birki tun kana miƙe, ka taka kuloci ka sauko daga giya huɗu zuwa uku, injin ya ɗaga murya, ka karya sitiyari kaɗan kawai, sai ka ji motar ta bi kamar ta riga ka sanin inda za ka, kana fitowa ka ba ta wuta tayoyin baya su tura ka gaba, kafin ka gama jin daɗin wannan ga wata kwanar ta hagu ta taso. Cikin dajin nan na farko inuwa ce da sanyi da ƙamshin itace jiƙaƙƙe, can ƙasa rafi na gudu, sai kuma bishiyoyin su ƙare bagatatan ka fito fili, sama ta buɗe, ba gida ba mutum sai tumaki. A nan ba wanda ke ce min "sake faɗa ban gane ba". Mota ba ruwanta da yadda Turancina yake fita.

Kuma duk abin da hannuna ke yi na Baba ne. Shekara talatin da wani abu yana jan fijo 504 doguwa daga Jos zuwa Akwanga da Lafiya, kullum ta Hawan Kibo, wajen da manyan motoci ke ƙwacewa su faɗa rami, shi ko sau ɗaya bai taɓa kwana a hanya don hatsari ba. Tun ina zama a gefensa kan giya yake ce min birki kafin kwana, wuta bayan kwana, wanda ya taka birki a tsakiyar kwana ya gaji da duniya. Da na ce masa nan a hannun hagu ake tuƙi dariya ya yi, ya ce yaro man kaza, mu ma ai a hagu muka koya, sai 1972 aka juya mu dama lokacin yana yaron mota.

To hular da ke kaina ranar tasa ce. Zanna bukar mai ruwan toka, da ita yake zuwa juma'a, daren da zan taho ya ciro ta daga ƙasan akwati ya miƙo min bai ce komai ba. Ni kuma da wautata na buɗe rufin mota na ɗora ta a ka, ina jin kaina kamar wani ɗan sarki. Ta yi ta riƙewa har muka hau can ƙololuwa, wajen mita 500 da ɗoriya, inda masu yawon ƙafa ke tsallaka titi da sandunansu. Iska ɗaya ta zo ta gefe, fiu. A madubi na ga hular Baba tana juyi a sama, ta dira, ta mirgina, ta tsallake waya ta shiga daji.

Na samu gefe na faka, na fito da gudu. Ku ɗan hasko abin, ƙato baƙi cikin shadda fara har ƙasa da takalmi sau ciki, yana haura waya yana bin hula a tsakiyar tumaki. Kuma ranar Lahadi ce, 'yan manyan babura sun fi goma a tsaye a wajen suna shan shayi daga fulas. Ƙasar wajen ba ƙasa ba ce, wani baƙin taɓo ne mai laushi kamar katifa jiƙaƙƙiya, takuna na uku ƙafar dama ta nutse har ƙwauri, na zaro ta ba takalmi. Tumakin suka watse suna kuka, guda ɗaya ta tsaya tana kallona tana tuƙa, ranar layya fa, ni ban yanka ba ga tunkiya tana min kallon raini. Hular na same ta a kife cikin wani kududdufi ta sha baƙin ruwa.

Da na dawo titi da takalmi ɗaya a hannu sai suka tafa min. Tafi sosai, har da fito. Wani mai farin gemu ya miƙo min shayi, ya ce kayana sun yi kyau, ya tambaya ko biki za ni. Na san ba da mugunta suka yi ba, amma da ƙasa za ta tsage da na shige. Na ce masa sallah ce, ya ce to barka, bai san me ake nufi ba, ni ma ban da ƙarfin bayani. Na rufe rufin motar na juyo gida a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai.

Sai kuma na ƙara wa kaina wata. Kafin iskar ta yi min haka na tsaya a Ladybower wani ya ɗauke ni hoto jingine da motar, shadda fes, hula a karkace, na sa a status. Kafin in iso gida saƙo ya fi arba'in. Yaya ya ce ashe haka Allah ya yi da kai shi ne kake ce mana abubuwa sun yi tsauri. Wani ɗan kawunmu da rabona da shi tun ɗaurin auren Anti ya turo lambar akawun ba ko sallama. Ƙanwata tana son waya. A ƙungiyar gidanmu ta WhatsApp har an yi wa motar kuɗi, wai ta kai miliyan tamanin. Motar da ƙasanta duk tsatsa ne, makaniki ya ce da ƙyar za ta sake tsallake gwajin shekara! Ba wanda ya tambayi nawa nake biyan ɗaki ɗaya da nake raba kicin da mutum huɗu, ba wanda ya ga ƙafata da taɓo. Abin da ya fi ci min rai Yaya ne, shi ya fi kowa sanin duk ƙarshen wata me ke shigowa wayarsa, kuɗin maganin Baba da na makarantar yaransa biyu. Har yau gaisuwarmu sama sama ce.

Umma ita matsalarta daban. Ta ce yanzu kai mota mai kujera biyu ka saya, in Allah ya kawo matar da yaran a but za ka zuba su? Na ce Umma ai matar ba ta zo ba tukuna. Ta ce ta ina za ta zo kana yawo a daji da tumaki.

Hular kuwa na wanke ta da sabulun wanka a bahon banɗaki, nan ina za ka ga mai wankin hula, ba sitaci ba icen da ake ɗora ta, sai na kifa ƙaramar tukunyata na sa mata ta kwana uku a kan hita. Ta bushe amma ta ɗan karkace, kuma akwai wani tabo ruwan ƙasa a gefe da ya ƙi fita.

Da daddare aka haɗa ni da Baba ta bidiyo. Idonsa ya yi yana yanzu, sai da ya kai wayar dab da hanci. An riga an nuna masa hoton. Ya ce mota fasinja ɗaya, wannan ai ko kuɗin mai ba za ta fitar ba, shi da yake loda mutum tara a fijo har da kaji. Ya yi shiru, sai kuma ya ce hanyar da hawa? Na ce da hawa Baba, kamar Kibo amma ba rami a kwalta ko ɗaya. Ya ce ba rami ko ɗaya? Na ce ko ɗaya. Ya ce to da wace giya kake shiga kwanar, na ce uku, in ta matse biyu. Ya gyaɗa kai ya ce yawwa. Sai ya ce ya ga hular ta zauna min daidai. Na ce sosai ma Baba, na ɗan juya wayar kar tukunyar ta fito a bayana.