Fenti ba ya rufa wa bango asiri

Mafi yawan masu zuwa wurina neman in ƙawata musu cikin gida da waya a hannu suke shigowa. Ko gaisawa ba mu gama ba sai a miƙo mini hoto: falo ne fes, farin bango, kujeru ruwan toka, haske kamar na hantsi. "Malam, irin wannan nake so, kada a rage komai." Nakan karɓi wayar in duba da kyau, sannan in yi tambayar da ke ba mutane haushi: nawa ne tsawon ɗakin da faɗinsa, kuma ina tagarsa take kallo? Da yawa ba su taɓa aunawa ba. Ɗakin da ke cikin hoton rufinsa can sama yake, tagoginsa daga ƙasa har silin, mai ɗaukar hoton kuma sai da ya jira sa'ar da rana ta fi kyau kafin ya danna. Wanda za a ba ni taga ɗaya gare shi, ita ma katangar maƙwabci ta tare ta. Ana iya gyara shi har ya fi na hoton daɗin zama, amma fa ba da kwafa ba.

Shekarata 22 ke nan a sana'ar ƙawata cikin gida, kuma ban fara ta da zaɓen launi ko labule ba. Da sanfefa na fara. Maigidana, Allah ya jiƙansa, sai da ya yi wata shida bai bar ni na riƙe buroshi ba. Daga safe har yamma ina gugar bango, ina cike tsaga, ina sake gugawa, in koma gida fari fat kamar wanda ya faɗa cikin toka. Idan na ce na gama, ba ya cewa komai. Sai magariba ta yi ya rufe ƙofa, ya manna tocila a jikin bangon, hasken ya bi shi a kwance. Nan take duk wani tudu da kwari da ban gani da rana ba sai ya fito da inuwarsa. Ya ce, "Yaro, fenti ba ya rufa wa bango asiri, tona masa yake yi." A lokacin mugunta na ɗauka. Yau tocila ba ta barin aljihuna, kuma yaran da ke aiki a hannuna irin kallon da na riƙa yi masa suke yi mini.

Rabin kyan ɗaki yana ƙarƙashin fenti, inda mai gida ba zai taɓa gani ba. Sabuwar filasta ta siminti tana buƙatar kusan kwana 28 kafin ta gama kama jikinta, kuma idan aka shafa fenti tana da danshi, ruwan da ke ciki zai nemi hanyar fita. Shi ne za ka ga bango ya yi bororo, ko wani farin gari kamar gishiri yana fitowa, fentin yana ɓarewa kamar ɓawon itace. Bayan ta bushe sai a sumulce, a goge, a share ƙura, a shafa fentin share fage da muke kira firama, wanda ke toshe ƙofofin bangon don kada ya shanye na sama. Sannan shafi biyu, da hutu a tsakani har na farko ya bushe. Lita ɗaya ta fentin ruwa mai kyau takan rufe murabba'in mita 10 zuwa 12 a bango mai sumul, shafi ɗaya. Da wannan lissafin nake gane 'yan kwaikwayo. Idan mutum ya ce zai fente maka falo gaba ɗaya da bokiti guda har ya rage na ɗakin kwana, to ruwa ya tsuga masa. Ranar da ya miƙa aikin kuwa za ka ga komai tas, don fentin da aka tsinka ma fari ne a makon farko.

'Yan kwaikwayon nan su ne ciwon kaina a wannan sana'a, ba zan ɓoye ba. Yaro ya yi wata uku yana riƙe wa wani tsani, sai ya sayi rola, ya kwashi hotunan aikin wasu ya zuba a Facebook, shi ke nan ya zama mai ƙawata gida. Har hoton aikina na taɓa gani a shafin wani, da labulen da ni na ɗaura da hannuna.

Sheƙin fenti ma magana ce da mutane ba sa tsayawa a kanta, alhali ya fi launi tasiri a wasu wuraren. Marar sheƙi yana shanye haske, yana ɓoye ƙananan aibun bango, shi ya sa nake sa shi a silin da ɗakin kwana, sai dai ba ya son yawan goga da tsumma. Mai ɗan sheƙi kaɗan, wanda ake kira satin, shi ne na falo da baranda da ɗakin yara, inda hannu ke yawan taɓa bango, don ana iya wanke shi. Mai cikakken sheƙi na ƙofa ne da firam ɗin taga da katakon gindin bango. Masu son ƙyalli sukan ce a shafa musu shi a bangon falo duka, ni kuma nakan roƙe su su bari, saboda yana mayar da haske kamar madubi, duk inda hannun birkila ya karkace sai ya nuna. Fentin mai kuma, idan fari ne, yakan koma rawaya-rawaya da daɗewa, musamman a lungun da rana ba ta shiga. A tsohon gida akwai abin da ya fi wannan muhimmanci: tsofaffin fentoci da yawa suna da dalma mai guba a ciki, har Amurka ta haramta irinsu a gidajen zama a 1978. Ba na barin yarana su goge tsohon fenti a bushe ba tare da rufe hanci ba, kuma ba na yarda ƙananan yaran gidan su kusanci wurin.

A launi akwai ƙa'idar da muke farawa da ita, 60 da 30 da 10. Kashi 60 na ɗaki launi ɗaya mai sanyi, yawanci bango da ƙasa. Kashi 30 launi na biyu, kujeru da labule. Kashi 10 shi ne mai ƙarfi, filo, hoton bango, tukunyar fure. Ba wahayi ba ce, ni ma nakan karya ta idan ɗaki ya nema, amma tana hana mutum tara launuka biyar kowanne yana ihu. Abin da ba na karyawa shi ne gwaji. Ba a zaɓar launi daga ɗan katin da bai kai tafin hannu ba. Nakan shafa kamar mita ɗaya a bango biyu daban, in ce a duba da safe, a duba da rana tsaka, a duba da dare an kunna wuta. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Wata baiwar Allah ta taɓa kirana a fusace kwana biyu da gama aiki. Mun yi yarjejeniya a kan launin madara mai ɗumi, ta ce ita ɗakin asibiti na mayar mata da falo. Na je da daddare, ina shiga na ga matsalar a sama take. Mai haɗa wuta ya jera mata ƙwayayen fitila masu 6500 a Kelvin, ma'aunin launin haske, wato farin haske mai shuɗi-shuɗi da ke kashe duk wani launi mai ɗumi. Na ce, "Hajiya, a yi mini haƙurin minti goma." Na hau tsani na canza su da masu 2700, hasken da ke kama da na tsohon ƙwan fitila. Ta tsaya tana kallon bangon kamar an sake shi. Ko ɗigon fenti ban ƙara ba. Tun daga ranar ba na miƙa ɗaki sai na san ƙwan da za a sa: 2700 zuwa 3000 a falo da ɗakin kwana, wajen 4000 a kicin da wurin karatu. Kuma ƙwai ɗaya a tsakiyar silin ba ya isar ɗaki. Ana son haske na gaba ɗaya, da na aiki kusa da kujerar karatu ko kan kanta, da ɗan ƙarami da ke haska hoto ko lungu.

Sauran aikin awo ne, tef da fensir. Labule a ɗaura sandarsa kusa da silin, ta wuce faɗin taga ta kowane gefe, yadin kuma ya ninka faɗin tagar sau biyu ko biyu da rabi, ya sauko har ya kusa taɓa ƙasa. Ɗaki sai ya ƙara tsawo a ido. Kafet ya zama babba har ƙafafun kujeru na gaba su hau kansa, ba ɗan mitsitsi a tsakiya kamar tsibiri ba. Hoton bango tsakiyarsa ya zo daidai ido, wajen santimita 145 zuwa 150 daga ƙasa, amma mutane can kusa da rufi suke maƙala shi, sai ka ɗaga kai kamar mai neman wata. Hanyar wucewa a bar mata kamar santimita 90, tsakanin kujera da teburin tsakiya 40 zuwa 45. Kuma kowane ɗaki ya sami wuri ɗaya da ido zai fara sauka a kai. Ɗaya na ce. Idan bango huɗu duk suna neman a kalle su, mutum zai zauna ya ji ya gaji bai san dalili ba.

Salo kuwa kowanne da dalilin da ya haife shi, abin da masu kwafa ba sa tambaya ke nan. Salon zamani mai miƙaƙƙun layuka, marar sassaƙa da kwalliya, yana da tushe a makarantar Bauhaus da Walter Gropius ya kafa a Weimar ta Jamus a 1919, inda suka ɗauka cewa amfanin abu shi zai tsara siffarsa. Art Deco, mai ruwan zinare da madubai da zane mai kusurwa, ya samo sunansa daga baje kolin da aka yi a Paris a 1925. Mutanen Sikandinebiya sun rungumi farin bango da katako mai haske ne saboda hunturunsu dogo ne mai duhu, suna tattalin ɗan hasken da suka samu. Salon masana'anta, na bulo tsirara da bututun ƙarfe a fili, ya fito daga tsofaffin ɗakunan masana'antu na New York da masu zane suka mayar wurin zama. Wanda ya fi wahala a cikinsu shi ne wanda mutane ke ɗauka ya fi sauƙi, wato na taƙaita kaya. Ɗakin da babu tarkace ba shi da inda kuskure zai ɓuya, layin da ya kauce da rabin santimita kowa zai gan shi. Shi ya sa marasa ƙwarewa ke son silin POP mai hawa uku da fitilu ja da kore, hayaniyar tana rufe musu aiki. Ni a ɗaki mai gajeren rufi hawa ɗaya nake yi, siriri, ko in bar shi a shafe.

Masu kawo kaya ma suna da nasu. Tayil ana gasa shi ne rukuni-rukuni, kowane kwali da lambar rukuninsa, kuma launi ɗaya daga rukuni biyu yakan bambanta kaɗan. Na taɓa shimfiɗa rabin falo, sauran kwalayen suka iso, mai kayan ya rantse iri ɗaya ne. Sunan ɗaya ne, lambar daban. A shago ba ka gani, a ƙasa kuwa layi ya raba ɗakin biyu kamar an ja da alli. Da kuɗina na ɓalle na sake. Yanzu kwali-kwali nake duba lamba kafin a sauke daga mota, kuma nakan sa a sayi ƙarin kashi 10 saboda yanka da fashewa da gyaran gaba. Haka ake kawo tayil na yumɓu a ce fosilin ne, alhali fosilin na gaske ruwan da yake sha bai wuce rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. Ɗiga ruwa a bayansa, idan ya shanye nan da nan ka san abin da aka kawo maka. Marmara kyakkyawa ce amma duk abu mai tsami yana cin fuskarta, don haka a kan kantar kicin giranit nake ba da shawara. Katakon MDF kuma, wanda ake haɗawa da garin itace da gam, yana karɓar fenti sumul, sai dai ruwa na taɓa gefensa zai kumbura, ba na sa shi a ƙarƙashin wurin wanke-wanke ko an matsa mini.

Duk wannan nake lissafawa idan na yanka wa mutum kuɗin aiki, shi kuma hoton waya kawai yake gani. Bara wani ya zauna ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Malam, akwai yaron da zai yi mini da rabin wannan, cikin kwana huɗu." Na ce, "Ranka ya daɗe, araha ba ta ado, kuma filastarka ko sati biyu ba ta yi ba." Ya yi dariya ya ce mu masu sana'a ba ma rasa abin faɗa. Muka rabu lafiya.

Wata takwas bayan nan ya bugo mini waya, murya ƙasa-ƙasa, wai in zo in duba wani ɗan wuri da ya tashi a bayan talabijin. Na je da yarona ɗaya da magariba. Na roƙi a kashe wuta, na manna tocila a bangon. Ba bayan talabijin kaɗai ba ne, bororon ya bi bangon gabas tun daga ƙofa har taga. Na sa farce na ja, fentin ya biyo ni kamar takarda, babu firama a ƙasa, filasta ce tsirara tana zubar da gari. Ya yi shiru, can ya ce kwana nawa gyaran zai ɗauka. Na ce sai mun kankare duka, mu bar bangon ya sha iska, sannan mu fara daga inda ya kamata a fara tun farko. Yarona ya dube ni, ya dubi faɗin bangon, ya fita ɗauko sanfefa daga mota.