Ƙafar tagulla ɗaya da ta hana kwamfutata tashi

Wata bakwai na yi ina tara kuɗi, ina sayen kayan ɗaya bayan ɗaya: furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, RAM guda biyu masu riƙe aikin da ake kan yi, katin hoto mai tura hoto zuwa allo, SSD na adana fayiloli, madabod ƙarami na micro-ATX, wato bod ɗin da ake dasa sauran kayan a kansa, tukunyar wuta da ake kira PSU, sai akwatin a ƙarshe. Ranar Asabar bayan azahar na shimfiɗa su a tebur na fara haɗawa. Lokacin hunturu ne, iska a bushe take, don haka kafin in taɓa kowane kaya sai na fara dafa ƙarfen akwatin, saboda wutar nan da ke taruwa a jikin mutum tana iya lalata bod. Wajen magariba na gama, na yi bisimilla na danna maɓalli.

Fanka ta ɗan motsa, ko zagaye ɗaya ba ta cika ba, ta tsaya. Na sake dannawa, shiru. Sai da na kashe makunnin da ke bayan PSU na sake kunnawa sannan ta ƙara yin wannan ɗan motsin. Gabana ya faɗi. Abin da ya fara zuwa zuciyata shi ne an sayar mini da mataccen bod, har na fara shirya maganar da zan faɗa wa mai shagon.

Da ƙananan abubuwa na fara. Na sauya soket, na sauya wayar wuta. Na danna babban filogi mai fil 24 har ya yi ƙas, na duba mai fil 8 na furosesa, na tabbatar ban sa na katin hoto a wurinsa ba, don sun yi kama matuƙa: na furosesa yana rabuwa huɗu da huɗu, na kati shida da biyu. Na buɗe littafin bod ɗin na nemo fil biyu na PWR_SW, inda wayar maɓallin kunnawa ke shiga, na zare wayar maɓallin akwati, na haɗa su da bakin sukudireba. Motsin nan dai, sannan shiru. Ke nan maɓalli ba shi da laifi.

Na koma kan PSU, don in gwada ko zai tashi shi kaɗai. Na cire duk wayoyinsa daga bod, na lanƙwasa kilif ɗin takarda na haɗa fil na 16, wanda a tsohon tsari koriyar waya ce, da baƙar waya ta kusa da shi. Nawa duk wayoyinsa baƙaƙe ne, sai da na ƙirga sau uku ina kallon zane. Ya tashi lafiya, mita ta nuna volt 12, 5 da 3.3 kamar yadda ya kamata. Ban buɗe cikinsa ba, kuma ba na ba kowa shawarar buɗewa, domin akwai wutar da ke saura a ciki bayan an zare filogi.

Da dare na kira wani aminin yayana da ya daɗe yana gyaran kwamfuta. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Ƙanena, wannan motsin da fanka ke yi ta tsaya, PSU ne yake kare kansa. Wani abu na taɓa ƙarfe. Ka gwada shi a wajen akwati?"

Na ce, "A'a, Yaya."

"To fito da shi, ka ɗora a kan kwalinsa."

Ban so ba, don awa biyu na ɓata ina ɗaure wayoyi su kwanta tsaf. Amma washegari na kwance komai. Na ɗora bod a kan kwali da furosesa da fankarsa, RAM ɗaya a ramin A2, da filogi biyu na wuta kawai. Na taɓa fil ɗin nan biyu da sukudireba. Fanka ta ɗauka ta ci gaba da juyawa, 'yan fitilun gwaji na jikin bod suka bi layi suna kunnuwa, allo ya kawo BIOS, wato shafin saitin bod. Na daɗe a zaune ina kallonsa ina hamdala.

Da na leƙa cikin akwatin sai na ga abin. 'Yan ƙafafun tagulla da bod ke zama a kansu guda tara na ɗaura, alhali ramuka takwas ne a jikin nawa. Akwatin an huda shi ne don ya ɗauki bod manya da ƙanana, ni kuma ban ɗora nawa na gwada ba kafin in ɗaura. Ta taran tana zaune a inda babu rami, tana gogar dalmar da ke bayan bod. Har ɗan tabo ta bari a wurin, Allah ya taimaka ba ta yanke layi ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne zargin da na yi wa mai shagon, mutumin da bai yi mini komai ba. Da na je masa da wannan fushin, da na ci mutuncinsa a banza.

Na cire ƙafar, na ƙirga ramuka da ƙafafu sau biyu, na mayar da bod. Daga nan kowane abu na ƙara, RAM na biyu, katin hoto, SSD, wayoyin USB na gaba, sai na kunna na ga ta tashi kafin in sa na gaba. La'asar ta yi ina saka mata Windows.